Baƙuwar da Ta Ɓuya a Ƙarƙashin Ƙafar Tsoho

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari na namun daji an yi wani tsohon Dabgi, shi ke haƙa musu rijiya. Tatsuniya ɗaya tak ya iya, bai kuma taɓa sauya mata ko kalma ɗaya ba. Yakan ce:

"Wata baƙuwa ta zo da damina, kowa ya yi murna. Da rana ta kore ta, sai ta ɓuya a ƙarƙashin ƙafar wani tsoho mai tuɓe riga da damina, ya sa da rani. Maƙwabtansa magina ne, yumɓunsu ba ya bushewa. Wanda ya yi sallama a wurin, baƙuwa za ta amsa."

Yara suka haddace ta, manya suna dariya. Sai Dabgi ya mutu. Aka shekara bakwai, sai aka yi fari. Rijiya ta ƙafe, tafki ya tsattsage. Giwa, mai garin, ta tara kowa ta ce, "Nan da kwana uku za mu tashi. Wanda ba ya iya tafiya, sai mu bar shi da Allah."

To, Bushiya tana da uwa tsohuwa wadda ƙafafunta suka mutu. Ba kuma mai iya goya bushiya, saboda ƙaya. Sai Bushiya ta ce wa Giwa, "Ranki ya daɗe, mu tuna tatsuniyar Baba Dabgi. Mai haƙa rijiya ba zai yi ta maimaita magana ɗaya a banza ba."

Kura ta ce, "Ke 'yar ƙaya, ƙishirwa ta taɓa miki kai? Tatsuniya ai ƙarya ce ta lallashin yara."

Gizo ya ce, "Wace ƙarya? Baƙuwa na nan, na tabbata ma da tulun ruwa ta ɓuya. Ni zan nemo tsohon."

Ran farko sai ya je wurin tsohon Biri. Ya ce, "Baba, ɗaga ƙafarka."

"Don me?"

"Akwai mace a ƙarƙashi."

Sai Biri ya ɗaga ƙafar, ya shure shi.

Rana ta biyu sai ya je wurin Kunkuru. Ya ce, "Baba, tuɓe rigarka in gani."

Kunkuru ya ce, "Tun da aka haife ni ban tuɓe ta ba, sai yau don kai?" Sai ya cije shi.

Rana ta uku sai ya je wurin Maciji. Ya ce, "Kai ne! Kai ke tuɓe riga!"

Maciji ya ce, "Ina tuɓewa kam. To ina ƙafar?" Sai ya fasa kai, Gizo ya arce.

Kura ta yi ta dariya tana cewa, "Ban faɗa ba?"

Ita kuwa Bushiya tana zaune gaban uwarta, ana ta ɗaure kaya a waje. Uwar ta ce, "Daina kuka, 'yar nan. Sake faɗa mini tatsuniyar a hankali."

Ta faɗa.

Uwar ta ce, "Bar neman sunan baƙuwar. Dubi abin da take yi."

"Tana zuwa da damina. Rana na korarta. Tana shiga ƙasa... Inna! Ruwa ne!"

"To tsohon fa?"

Sai Bushiya ta fita bayan gari ta ɗaga kai. Itatuwa duk sun zubar da ganye, sai gawo kaɗai ke tsaye kore shar. Ta tuna cewa da damina shi ke zama tsirara. Ta je gindin gawo na farko, ba maƙwabci. Ta je na biyu, ba maƙwabci. Ta je na uku, sai ga suri na gara a gefensa. Ta ɓantari gefen surin, ta ji yumɓun da danshi.

Ta ce, "Salamu alaikum," ta kama haƙa, don haƙa ita ce sallamar da Dabgi ya sani.

Ayari ya riga ya kama hanya sai ga Bushiya da gudu, hancinta duk laka. Giwa ta dubi lakar, ta sauke kayanta. Ta je gindin gawon ta kafa haure sau ɗaya, sau biyu, a na uku sai ruwa ya ɓulɓulo. Bushiya ta ɗebi na farko a ƙoƙo ta kai wa uwarta.

Kura ta sha ta ƙoshi, sannan ta ce, "Shi ma Dabgi da neman magana! Me ya hana shi faɗa a fili?"

Uwar Bushiya ta ce, "Ya faɗa a fili, ina wurin. Ke ma kina wurin. Lokacin rijiya na cike, ba wanda ya saurara. Shi ya sa ya sa wa maganar riga ya ba yara ajiya."

To kun ji. In an ba ku labari, kada ku yar da shi kamar Kura, kada ku bi shi ido rufe kamar Gizo. Ku tambayi me kowa yake yi a ciki, sannan ku ɗaga kai ku dubi garinku. Waɗanda muka ji wannan tare da su duk sun tafi, saura ni. Yanzu ajiyar ta dawo hannunku.

Kurunkus, a gindin gawo na ajiye ta.