Saƙon da Injiniya Bai Buɗe Ba

Akwai wani injiniya da ma'aikatansa suka laƙaba wa suna Ba-Lokaci, saboda kowa ya tare shi a bakin ofis amsar da zai samu ke nan. Akwatin imel ɗinsa kullum a cike yake maƙil da tallace-tallace da rahotanni da gayyatar taro. Shi kuwa abin alfahari ya ɗauke shi. Yakan ɗaga waya ya nuna wa mutane, ya ce, "Ku dubi yadda ake nemana!"

Idan saƙonnin suka ishe shi, sai ya zaɓe su gaba ɗaya, ya danna alamar an karanta, ya ci gaba da harkarsa.

Yana da amini da ya rasu ya bar mata da 'ya ɗaya. Yarinyar ta yi aikin koyon sana'a a ƙarƙashinsa, kuma ta yi ƙoƙari sosai. Da ta nemi tallafin ƙaro karatu, makarantar ta buƙaci shaidar wanda ta yi aiki a hannunsa.

"Baba, za su turo maka imel, sai ka cike," in ji ta.

"Sa sunana kawai, 'yata. An gama."

Ta kira shi don ta tuna masa, ya ce yana cikin taro. Kunya ta hana ta sake kira.

Bayan wani lokaci ya je gaishe su. Uwar ta zaunar da shi a kujerar marigayi, ta kawo masa ruwa. Da ya ji ba a ɗauki yarinyar ba, sai ya gyara zama ya fara faɗa.

"Ku yaran yanzu ba ku da himma. Tabbas wani abu kika bari ba ki cike ba."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafinta.

Uwar ta yi ƙasa da murya ta ce, "Injiniya, cewa suka yi shaidarka ce ba ta isa ba."

"Ni? Babu wanda ya turo min komai!"

Ya zaro waya don ya wanke kansa, ya rubuta sunan makarantar. Sai ga saƙon, ga tunatarwa a bayansa, ga na ƙarshe da ke cewa an rufe. Ko ɗaya bai taɓa buɗewa ba.

Ya rasa inda zai sa idonsa, don hoton amininsa yana rataye a bango a gabansa.

"Ki yafe min," ya ce wa yarinyar da ƙyar.

"Ba komai, Baba."

Da ta yi masa tsawa ma, da ya fi masa sauƙi.

Ya rubuta wa makarantar yana roƙo, suka ce sai baɗi. Tun daga nan ya cire kansa daga saƙonnin talla, ya ware lokaci safe da yamma yana duba saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke buƙatar amsa ya sa masa tauraro, kuma ba ya tashi daga tebur sai ya amsa.

Da shekara ta zagayo ya cike shaidar a ranar da ta iso, aka ɗauke ta. Sai dai ƙawayenta sun riga sun wuce ta da aji guda. Ranar tafiyarta ya kai ta tasha ita da uwarta, amma kunya ta hana shi fitowa daga mota.

Darasi: Yawan aiki ba hujja ba ce ta wasa da amana. Bayan saƙo ɗaya da ka tsallake, wataƙila akwai mai jiranka da rayuwarsa. Ku duba akwatinku yau, kuma ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.