Gawo da Yaran Inna Tabawa

Dalilin da ya sa gawo yake tsayawa ba ganye a tsakiyar damina, alhali kowace bishiya ta yi kore shar, wani saƙo ne da aka ba yara ƙanana su isar. Ku zauna nan gindinsa, ku kula da ƙaya, in gaya muku yadda aka yi.

A da can, gawo kamar kowace bishiya yake. Da ruwan farko ya sauka sai ya tofo, ya cika da ganye, har inuwarsa ta fi ta tsamiya duhu. A lokacin bishiyoyi suna magana da mutane. Sai dai shi gawo kunnuwansa can ƙololuwa suke, in ba ka ɗaga murya sosai ba, ba zai ji ka ba.

A wani ƙauye da ake kira Unguwar Barau akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa. Ciwon gwiwa ya hana ta noma, saboda haka da shuka ta kama, iyaye sukan bar mata ƙananan yaransu a gindin gawon bakin gari, su wuce gona. Ba zama kawai take yi da su ba. Takan zuba iri a faifai, ta ce su rufe ido su laluba, su faɗi wanne ne gero, wanne ne dawa, wanne ne gyaɗa. In an yi ruwa, ta sa kowa ya tura yatsa cikin ƙasa ya ji inda laima ta tsaya. Wata rana su bi layin tururuwa har raminsu, wata rana su kwaɓa laka su gina shanu. Amma abin da yaran suka fi ɗoki shi ne ranar wake. Ranar nan Inna takan ba kowane yaro ƙwayar wake uku, ya tona rami da hannunsa, ya shuka, ya kafa tsinke don ya gane nasa.

Matsalar ita ce waken ba ya yi. Yakan fito, ya yi tsawo siriri, fari fat kamar zare, ya karkata wajen haske, ya faɗi. Shekara biyu a jere haka aka yi. A ta uku ma, kwana shida da shuka, sai ga shi ya fara karkata.

Wani yaro mai yawan tambaya, Ɗantani, ya tsuguna a kan nasa ya ce, "Inna, kin ce in an ba shi ruwa zai girma."

Inna ta ce, "Na ce."

"Na ba shi. Me ya sa ya kwanta? Barci yake?"

Wata yarinya, Larai, wadda ba a taɓa ta ba ma kuka take, ta ce nata mutuwa ya yi, ta fara hawaye. Da yamma mahaifinta Jatau ya zo ɗaukarta, ya tarar da ita ido ja. Jatau mutum ne mai babbar murya, in ya yi magana a gona ana jin sa a cikin gari. Ya dubi waken ya ce, "Inna, ba raini ba, amma me ake koya wa yaran nan? Kowace shekara su shuka ya mutu. Yarinyata ta fara cewa hannunta ne ba albarka. In bana ma haka ne, gara kowa ya tafi da ɗansa gona."

Wannan magana ta tsaya wa Inna a rai. Ta san yadda yara suke a bakin gona, rana ta doke su, ba mai lura da su. Bara ma kunama ta harbi wani. Ta kuma san abin da yake damun waken, inuwa ce ta yi masa yawa. Ga shi ba ta iya kai su waje, don can awaki suke, kuma ƙafarta ba ta zuwa nesa.

Washegari ta kira uku daga cikinsu: Ɗantani, da Larai, da Kande, wadda ta fi su wayo, shekararta biyar. Ta ce, "Muryata ba ta kai sama. Ku fita fili, inda kuke hango kan Baba Gawo, ku ce masa Inna tana gaishe shi. Ya ɗan rage ganye ta gefen gabas, rana ta samu wake da safe. Kun ji?"

Suka ce sun ji. Suka ruga fili, suka ɗaga kai, duk suka buɗe baki a lokaci ɗaya.

Kande ta ce, "Baba Gawo, ka rage ganye!"

Ɗantani ya ce, "Rana tana gaishe ka!"

Larai ta ce, "Wake yana gabas!"

Gawo ya ji hayaniya, bai gane komai ba. To akwai shamuwa a kansa, ta iso da bazara tana gyaran sheƙa. Ya ce, "Shamuwa, me yaran nan suke cewa?"

Shamuwa ta ajiye karan da ke bakinta, ta saurara, ta ce, "Wai rana ce ta aiko su daga gabas. Tana gaishe ka. Ta ce ka sauke ganye, tana so ta ga wake."

Tun da gawo yake, rana ba ta taɓa aiko masa da gaisuwa ba. Ya ce, "Tambaye su, duka?"

Shamuwa ta leƙo ƙasa ta ce, "Ya ce, duka?"

Larai ta ji an ce duka, ta zaci dukansu za a yi, ta fashe da kuka. Ɗantani kuwa ya zaci ana tambaya ko duk sun shuka wake, sai ya yi tsalle ya ce, "Duka! Duka mana!"

Shamuwa ta ce wa gawo, "Sun ce duka. Har ɗaya tana kuka, abin ya dame su."

Gawo ya ce, "To har yaushe?"

Da tambayar ta iso ƙasa, Kande ta yi tunani. Ita dai ta san da yamma Inna takan ce, "To, ku tashi, iyayenku sun zo." Sai ta ce, "Sai mun tashi!"

Gawo ya ce, "To. Na yarda."

Yara suka koma. Inna ta ce, "Kun faɗa masa?"

"Mun faɗa."

"Me ya ce?"

Ɗantani ya ce, "Ya ce duka."

Inna ta ce, "Duka? Wa zai doka? Mu?" Ta dubi Kande, Kande ta ce a'a, ya dai ce sai sun tashi. Inna ta tambaye su sau uku, kowane karo amsar daban. Ta haƙura.

Da gari ya waye, Inna ta dogara sanda ta nufi bakin gari, sai ta tsaya cik. Ta juya ta dubi hanya, ko ɓacewa ta yi. Gawo yana nan, amma babu ko ganye ɗaya a jikinsa, sai rassa da ƙaya da sheƙar shamuwa a fili. Ganyen duk yana ƙasa, ya rufe tabarmarta, ya rufe shanun laka, yara suna ta birgima a ciki. Tsamiya da kuka suna ta raɗa da juna, suna cewa tsohon ya ruɗe, ya ɗauka rani ne.

Kafin hantsi labari ya kai gonaki cewa gawon bakin gari ya mutu. Jatau ya zo da gatari a kafaɗa, wasu maza biyu suna bin sa. Ya ce, "Inna, ki kwashe yara. Busasshen itace kan faɗo wa mutum. Mu sare shi tun da wuri."

Inna ta ce, "Jiya da ransa. Kai mai murya ne, tambaye shi."

Jatau ya ɗaga kai ya ce, "Baba Gawo, da rai ko ba rai?"

Gawo ya ce, "Lafiyata ƙalau. Rana ce ta aiko in sauke."

Jatau ya dubi Inna. Inna ta dubi yara. Ta ce, "Wace rana? Ni ce na aika!"

Kande ta ce ita "rage ganye" kawai ta ce. Ɗantani ya ce shi gaisuwa kawai ya kai. Shamuwa ta ce ita abin da ta ji ta faɗa, kada a sa ta a ciki, ta tashi ta tafi neman fara. Larai ta ce ai an ce za a doke su. Jatau ya ce, "Wa zai doki 'yata?" Ya sake gyara riƙon gatari. Sai da Inna ta yi ta rantsuwa kafin ya sauke.

Ta ce, "Ce masa kuskure ne, ya mayar da ganyensa."

Jatau ya faɗa. Gawo ya ce, "Na riga na ce wa yara to. Sun ce sai sun tashi. Sun tashi?"

"Sun tashi jiya da yamma!"

"To waɗannan da nake gani su wane ne?"

"Su ne, sun dawo."

Gawo ya ce, "In sun dawo ai ba su tashi ba."

Jatau ya dafe kai. Ya ce shi dai bishiyar da ba ta da inuwa da damina itacen girki ce. Inna ta ja jiki ta je ta jingina bayanta da gindin gawo, ta ce, "Ni na jawo masa. Ka ba ni kwana goma sha huɗu. In ka ga ya fara ruɓewa, da kaina zan matsa ka sare." Jatau bai iya ɗaga gatari a kan tsohuwa ba. Ya kama hannun Larai ya ce ba za ta ƙara zuwa ba, suka tafi tana waiwaye.

Mata biyu suka kafa wa Inna 'yar rumfa da zana. A nan ta ci gaba da zama da yaran da suka rage, ranta ba daɗi, kullum tana duban rassa. Ruwa ya sauka, ya sake sauka. Ganyen da ya zube ya jiƙe, ya yi baƙi, ya narke cikin ƙasa. Sai waken ya miƙe. Ya yi kore, ya yi kauri, ya fara yaɗo. Ɗantani yana auna nasa da kara kowace safiya, yana tambaya wa yake jan sa sama. Kande kuwa, bayan nata, takan cire ciyawa a gindin na Larai, ta kore masa kaji.

Ranar da kwanakin suka cika, Jatau ya dawo da gatarinsa, Larai tana biye da shi, don ta ƙi zama. Ta ruga wurin tsinkenta, ta tsaya, ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Nawa ya mutu." Kande ta ce nata ne. Larai ta tsuguna ta taɓa ganyen, ta ɗago ta ce, "Baba, zo ka ga abin da na shuka."

Jatau ya zo. Ya ɗebi ƙasar wurin ya murza a tafinsa, ya shinshina. Har geron da ya zube daga faifan Inna ya tsiro, kuma ya fi na gonarsa tsawo. Ya daɗe a tsugune. Ya ce, "Inna, ni ban gane ba." Inna ta ce, "Ni ma." Ya ɗauki gatarinsa ya tafi, ya bar Larai.

Da kaka ta yi, yara suka cire wakensu, Inna ta dafa musu, kowa ya koma gidan iyayensa. Gawo ya jira kwana ɗaya, biyu, bakwai, bai ga kowa ba. Ya ce, "Yanzu kam sun tashi." Ya tofo ganye, daidai lokacin da sauran bishiyoyi suke zubar da nasu. Awaki da shanu suka taru a inuwarsa duk rani.

Inna ta ɗauka magana ta ƙare. Amma da ruwan farko ya sake sauka, ta iso da yara, gawo ya hango su, sai ganye ya fara zuba mata a ka. Ta ce, "Jatau, don Allah ka yi masa bayani da kyau. Gefen gabas kawai na ce."

Jatau ya riga ya shuka gero kewaye da gawon tun da asuba. Ya fita fili, ya gyara murya, ya ɗaga kai ya ce, "Baba Gawo, sannu da aiki!" Ya juya ya tafi gona. Inna ta koma rumfarta ta zana, kuma har ta bar duniya ba ta sake samun inuwar nan da damina ba.

'Ya'yan gawo suka ga abin da ubansu yake yi, suka ɗauka haka ake yi, jikoki ma suka bi. Shi ya sa har yau, da ruwa ya sauka sai gawo ya tuɓe ganyensa ya bar wa shuka rana, ya tsaya haka yana leƙen ƙasa wata da watanni, yana jira yara su tashi.