Mutumin da Ya Nemi Farin Fure Kaɗai

A wani gari an yi wani magidanci mai ɗan lambu a bayan gidansa. Matarsa ce ta kafa lambun, ta kuma dasa furen lili fari fat a bakinsa, irin wanda yake tsirowa daga saiwa mai kama da albasa. Kowace damina yakan buɗe, ƙanshinsa ya kai har ƙofar ɗaki. Da matar ta rasu, mutumin ya ci gaba da kula da shi. Amma wata shekara ruwa ya yi yawa, ya kwanta a gindin furen, saiwar ta ruɓe. Abin da ya rage masa sai 'yan ƙwayoyin iri da ya tara tun bara, marasa nauyi kamar ƙaiƙayi.

Sai ya ce a ransa zai mai da farin furen matarsa wurinsa. Ya sami fasasshen tulu, ya cika shi da yashi da ruɓaɓɓen taki, ya yafa irin, ya rufe da ƙasa kaɗan. A shekarar farko kowane iri ganye ɗaya ya fitar, siriri kamar ciyawa. Da rani ganyen ya bushe, mutumin kuwa bai karaya ba, gama ya tona ya ga 'yan saiwoyi ƙanana kamar gyaɗa. Ya dasa su a jere, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. A shekara ta biyu suka yi ganye, ba fure. A ta uku suka yi kara, suka ɗauki toho.

Na farko ya buɗe, sai ga shi ja. Mutumin ya tsaya yana dubansa. Bai sani ba cewa ƙudan zuma sukan bi lambu lambu suna gauraya ƙurar furanni, abin da aka shuka daga iri kuma ba lalle ne ya ɗauko kamannin uwarsa ba. Ya ce, "Wannan ba nata ba ne." Ya tumɓuke shi da saiwarsa, ya jefa bayan danga.

Na biyu ya fito ruwan ɗorawa, na uku fari amma da ɗigo-ɗigo a ciki. Kowanne ya buɗe, sai ya duba, ya tumɓuke, ya jefar. Kullum yana cewa na gaba ne zai zama farin. Kafin damina ta janye, jeren ya ƙare. Ba ko ɗaya da ya yi daidai da wanda yake nema.

Bayan dangar nan kuwa gidan wata tsohuwa ne, maƙwabciyarsa. Ita ce take tsintar abin da yake jefarwa. Takan yanke karan, ta binne saiwar a inuwar gwandarta, ta zuba ruwan da ta wanke hatsi. Wasu suka mutu, amma yawancinsu suka kama.

Da damina ta sake zagayowa, mutumin ya fito da safe, ya ji ƙanshin da ya sani. Ya leƙa ta kan danga, ya ga gindin gwandar cike da furanni, ja da ruwan ɗorawa da masu ɗigo. Mata masu zuwa rijiya suna tsayawa suna kallo. Bayan sun gaisa da tsohuwar, ya ce, "Maman Zakka, ina kika samo irin nan?"

Ta ce, "Baban Damaris, ai naka ne. Kai ka shuka, kai ka yi wahalarsu. Ni tsinta kawai na yi."

Ya juya ya dubi lambunsa, ba kome a ciki sai ƙasa da ƙayar da ya kewaye wurin da ita.

To, ga abin da misalin nan yake koya mana. Irin nan su ne 'ya'yanmu, da dukan waɗanda Allah ya ba mu mu goya cikin bangaskiya. Mutumin shi ne uba ko uwa ko dattijon ikkilisiya wanda ya riga ya yanke a zuciyarsa kamannin da yaro zai fito da su. Wani yana so ɗansa ya zama mai wa'azi kamar kakansa, yaron kuwa hannunsa a aikin katako yake. Wata tana so 'yarta ta yi shiru-shiru kamar ita, yarinyar kuwa mai yawan tambaya ce. Ba mugunta yaran suka yi ba. Da zunubi ne, da sai a tsauta musu. Bambanci ne kawai, Allah ne kuwa ya yi shi. Mutumin nan bai rasa haƙuri ba, ya jira shekara uku. Abin da ya rasa shi ne karɓar abin da aka ba shi. Ku duba gidajenku. Yaron da kuka ƙi saboda bai yi kama da wanda kuke so ba, Allah ba zai bar shi ya bushe a bayan danga ba. Zai ba wani ya goya shi, ku kuwa ku gan shi daga nesa.