Bushiya Mai Riƙe Magani

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, kunne na jira.

Wata shekara rani ya yi tsanani, tafki ɗaya ya rage, dabbobin dawa da kadoji suka yi ta rigima a kansa. Aka ce a raba gardama da wasan yaƙi na waya, uku-uku, wanda aka ci ya bar ruwan.

Zaki ya tsaya gaba, Kura ta ɗauki gatari, aka bar wa Bushiya jakar magani, ta riƙa bin su tana warkar da su.

Ana tsakiyar gumurzu, Kura ta hango ganima, kwaɗayi ya ja ta ita kaɗai. Kadoji suka yi mata zobe.

Kura ta yi ihu, "Bushiya, magani! Zan mutu!"

Zaki ma numfashinsa ya kusa ƙarewa a bakin ganuwar gidansu, ga magani ɗaya tak ya rage. Bushiya ta ɗauko shi, ta juya wajen Zaki.

"Ranka ya daɗe, karɓi, kada ganuwa ta faɗi!"

Ta jefa masa, ta ruga ta tare mashin da aka auna Kura da shi. Nan take aka kashe ta a wasan. Kura ta kuɓuce, Zaki ya murmure, suka rushe gidan kadoji.

Da sakamako ya fito, Kura ta ƙyalƙyale da dariya. "Ni na kashe biyu, Bushiya ko ɗaya babu!"

Zaki ya harare ta. "Mashin da ta tare miki ne ya sa kike da bakin magana. Matsa, ita za ta fara shan ruwan tafkin."

Ƙurunƙus kan ɓera, ta tafi ta bar mu.