Kwalba Ta Goma Sha Biyu

Ya 'yan uwa, ku ba ni aron hankalinku. Kai ma mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, da kai nake.

An taɓa yin wani mutum a wani birni, ma'aikaci ne a gidan ruwa. Ba shi ne babba ba. Aikinsa guda ɗaya ne. Kowace Talata a ba shi akwati mai kwalabe goma sha biyu, ya hau babur ya zaga unguwa goma sha biyu, a kowacce ya shiga gida ɗaya ya ɗebi ruwan famfo, ya dawo ɗakin gwaji ya auna. Ya duba ko ruwan ya yi zartsi, ko maganin da ake zubawa ya kai can, ko wata ƙazanta ta shiga a hanya. Har laƙabi aka yi masa, Mai Kwalba.

Unguwa ta goma sha biyu ita ce ƙarshen bututu, can bayan gada, hanyarta duk ramuka. A can mahaifiyarsa take, shi ne autanta, kuma a famfon tsakar gidanta yake cika kwalbar ƙarshe. Tun kafin azahar takan ɗora buta a wuta. Da ta ji ƙarar babur sai ta ce, "Auta, ajiye akwatin nan ka sha shayi tukuna, ruwa ba ya gudu." Duk unguwar babu wanda bai san ɗanta ne ke auna ruwan da ake sha ba, don ba ta gajiya da faɗa.

Wata Talata aka kwana ana ruwan sama, hanyar gada ta caɓe. Ya cika kwalba goma sha ɗaya, ya dawo ofis, ya tsaya yana kallon famfon da ke harabar ma'aikata. Zuciya ta ce masa, ai duk daga tanki ɗaya ne. Ya cika ta sha biyu a nan, ya rubuta sunan unguwar mahaifiyarsa a jiki. Ba wanda ya gane.

Mako na gaba kwalba uku ya cika a harabar. Kafin wata biyu, duka goma sha biyun. Hantsi bai gama ɗagawa ba ya kammala aikin yini, yana ƙarƙashin bishiya ana hira. Sakamako kullum tas, har shugabansa na yaba masa.

Kun ga yadda Shaiɗan yake? Ya ce masa ya yi sata ne? Ya ce masa ya kashe wani? A'a. Cewa kawai ya yi, hanya ta yi nisa.

Ita kuwa tsohuwa kowace Talata sai ta ɗora buta. Ruwan ya tafasa, ya ƙone, ta ƙara wani. Babur ya wuce a waje ta miƙe, sai ta ga ba shi ba ne. Ran nan ta kira shi a waya.

"Auta, ruwan nan ya sauya. Sabulu ba ya kumfa, gindin butata ya yi fari kamar an shafa alli, shayin ma wani iri."

Ya yi dariya. "Inna, tsufa ne ya taɓa miki harshe. Ni nake auna shi, ga takarda a gabana, lafiyarsa lau."

Ta yarda. Uwa ce, me kuke so ta yi? Da maƙwabta suka ce a riƙa dafa ruwan kafin a sha, ko a je gidan ruwa a kai kuka, ita ta kwantar musu da hankali. Ta ce, "Ɗana ya duba."

Alhali bututun ya tsage a gindin gada, dab da lambatu. Duk sa'ad da aka ɗauke ruwa, sai ya zuƙo abin da ke cikin ƙasa. Zartsi shi kaɗai ba ya kisa, 'yan uwa. Gargaɗi ne ya fara isowa, kuma wanda aka ɗauka don ya ji gargaɗin yana ƙarƙashin bishiya.

Da abin ya ci gaba da damunta, sai ta wanke wata kwalbar magani, ta cika a famfonta, ta ɗaure bakin da ƙyalle, ta ba yayarsa ta kai masa ofis. Ta ce, "Ki ce masa ba ƙorafi nake ba. In ya auna ya kawo mini amsar da ƙafarsa, na kwana biyu ban ga fuskarsa ba." Ya karɓa, ya ce to, ya tura ta ƙarƙashin tebur.

Bayan kwana goma sha takwas amai da gudawa suka ɓarke a unguwar. Asibitin ya cika har baranda. Mutum bakwai suka rasu, biyu yaran wata maƙwabciya ce daga cikin waɗanda tsohuwar ta ce wa ɗana ya duba. Tsohuwa ce ta huɗu. Ya iso an riga an rufe mata fuska. Yayarsa ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi, "Har ta cika tana tambayata ko yau Talata ce."

Aka zo bincike, aka ga wata takwas unguwa goma sha biyu na ba da sakamako iri ɗaya sak. Aka kore shi. Yana kwashe kayansa hannunsa ya taɓa kwalbar nan mai ƙyalle. Ya roƙi abokin aikinsa ya auna masa zartsinta. Wallahi awon bai kai lokacin da buta ke ɗauka ta tafasa ba.

An gyara bututun. Yau ruwan unguwar garau yake, sabulu na kumfa. Shi kuwa yana nan a gidan tsohuwar, in ya yi sallama a majalisa sai kowa ya tuna yana da uzuri. Ni da idona na gan shi wata Talata, zaune a gefen famfo, butar na kan cinyarsa. Ya hana a kankare farin da ke gindinta. Sabon mai awo ya zo a babur, ya shiga gidan maƙwabta, shi kuwa ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace. Ya ce mini, "Malam, ba aikin nake so ba. Talata ɗaya nake so a maido mini, in ji ta ce in ajiye akwati."

Wa zai maido masa?

Ya 'yan uwa, kowannenku akwai kwalbar da aka damƙa masa. Kai mai awo, kai mai gini, ke mai ba da magani, akwai wanda ke ƙarshen bututunku yana sha don ya yarda da ku. Cin amana ba ya tsayawa a kan baƙo, gida yake nema. Wanda kuma uwarsa ke raye tana sauraron ƙarar abin hawansa, kada ya jira wani makon.

Ya Allah, ka tsare mu daga ha'inci a abin da aka ba mu amana, ka kiyaye mu da nadamar da ba ta da magani. Amin.