Manomin da Ya Rage Shi Kaɗai da Gero

Akwai wani mutum mai gona a gindin dutse, yana noman gero kamar yadda ubansa ya yi. A wancan lokaci mutanen garin duka gero suke shukawa. Geron yakan nuna lokaci ɗaya, su kuma fita korar tsuntsaye tare. Tsuntsu ya ci kaɗan a nan, ya ci kaɗan a can, ba wanda rumbunsa ya zama wofi.

Ana nan sai fatake suka fara zuwa neman citta, maƙwabtansa suka juya gonakinsu zuwa citta ɗaya bayan ɗaya. Ƙanensa ya zo ya roƙe shi ya shiga cikinsu ko da rabin gona ne, shi zai ba shi iri. Mutumin ya ce, "Ka taɓa ganin an tuƙa tuwon citta? In kasuwa ta faɗi, me zan ba 'ya'yana?"

Ƙanen ya ce, "Yaya, kai kaɗai fa za ka rage."

Ya amsa masa cewa gero bai taɓa yaudarar gidansu ba.

Geron kuwa ya yi kyau ƙwarai. Amma da ya fara ido, sai tsuntsayen ƙasar duka suka sauko masa, gama babu wata gonar gero sai tasa. Ya ɗaura gwangwanaye a igiya, yana ja, yana ihu. In ya kore su daga gabas, su sauka yamma, har muryarsa ta dushe. Yana hangen mutane can nesa sun sunkuya cikin cittarsu. Kunya ta hana shi kiransu, su ma ba wanda ya ɗaga kai. Ran girbi ya tara zangarnu marasa tsaba, ya zauna kusa da su, ba mai ce masa sannu.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar ita ce ran mutum, tsuntsayen kuwa gwaje-gwajen duniya ne. Mutumin nan bai yi zunubi don ya so gero ba. Citta ma ba alkawarin Allah ba ce, wata shekara takan ruɓe. Kuskurensa shi ne ya zaci geron ne yake tsaronsa, alhali 'yan'uwan da Ubangiji ya kewaye shi da su ne. Su ma da suka ji ihunsa suka yi shiru, za a tambaye su.

'Yan'uwana, ina jin tsoro ƙwarai kada neman kasuwa ya raba mu. Ku dubi bencin da kuke zaune. Wanda ya saba zama kusa da ku, in ba ya nan yau, ku bi ta gidansa kafin ku ci abincin rana.