Hulunan Safiya da Tsohon Katin Hoto

Akwai wata baiwar Allah a unguwar Koki mai suna Safiya, wadda ta gaji zanen hula daga mahaifinta. A kwamfuta take zanen, ta buga a takarda, matan unguwa su bi launin zare su ɗinka.

Da farar hula suka karɓi mulki, sababbin kansiloli suka ba ta aikin hulunan da za su sa ranar wani babban taro. Ana cikin haka yayanta Haruna ya sauya mata tsarin kwamfutar da sabo, don ya taimaka mata.

Da aka kunna, launuka suka dagule. Ja da ruwan goro suka zama abu ɗaya, shuɗi kuwa kamar toka.

Haruna ya duba ya ce, "Katin hoton ne ya tsufa, na'urar da ke cikin kwamfutar mai fitar da hoto a allo. Sabon tsarin ba shi da direbansa, wato manhajar da za ta sa su fahimci juna. Jefar da shi kawai."

"Yaya, sabon kati ba zai shiga wannan kwamfutar ba, kai ka faɗa. Idan na jira sabuwa, taron ya wuce."

"To ki yi masa tofi," ya ce yana dariya.

Safiya ta tashi ta fita. Ta tafi shagon intanet ta yi ta bincike, har ta gano wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya rubuta direban irin katin, ya ajiye a intanet kyauta. Tana cikin saukewa wuta ta ɗauke. Washegari ta koma, layi ya yanke. Ta sake komawa, sai da ta samu.

Haruna da kansa ya ɗora shi, yana gunaguni. Kwamfuta ta tashi, ja ya koma ja. Hulunan suka isa kan lokaci.

"Wai me ya ci a ciki, wannan mutumin?" in ji Haruna.

"Ba komai. Ya rubuta a shafinsa cewa mahaifiyarsa ce ke da irin katin, ta ƙi rabuwa da shi."

Safiya ta aika masa da imel na godiya. A ƙarshe ta tambaye shi awon kansa da launin da ya fi so.

Darasi: Kada a yi saurin yanke wa tsohon abu hukunci, a bincika tukuna. Kuma wanda ya saukaka maka hanya, ko ba ka san shi ba, ya cancanci godiya. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.